Akwatin raba saƙon MIDI: mai ƙwaƙwalwa za a haɗa ko marar ƙwaƙwalwa?

Mai Fiyano T/Wada: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masana lantarki nake nema. Kayan da nake fita da su wajen biki su ne babbar fiyano PSR ta Yamaha, da akwatin muryoyi na gwanjo wanda nake ɗauko goge da sarewa daga cikinsa, da injin ganga, sai wata tsohuwar fiyano da yarona ke taɓawa. Wayar MIDI tana fitowa daga OUT na babbar ta shiga akwatin muryoyi, daga THRU ɗinsa (ƙofar da ke miƙa abin da ya shigo gaba) ta wuce injin ganga, daga can ta zarce tsohuwar. To ta ƙarshen layin nan wani lokaci sai ta saki amon da ban taɓa ba. Injin ganga kuma duk abin da salon PSR (kiɗan rakiyar da take bugawa da kanta) ya buga a tasha ta 10, cikin tashoshin MIDI 16, sai ya maimaita, ganga ta koma biyu. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne amo ya maƙale yana ta tsuwa a lasifika ana tsakiyar liƙi, sai na kashe na'ura na sake kunnawa. Na leƙa kuɗin irin akwatin da ake sayarwa a waje, da na buga lissafi da canjin dala sai na rufe shafin. Akwai mai iya haɗa mini a nan Zariya? Ina son ƙofar shiga biyu, ta fita huɗu, kuma in iya hana wasu saƙonni wucewa.

Sabon Shiga: Wa alaikumus salam. Oga, idan an haɗa akwatin zai iya tace muryar mawaƙi ma? Tawa tana shaƙewa a makirfo.

Admin: A'a ƙanena. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni kawai take kaiwa: an danna maɓalli kaza da ƙarfi kaza, an sake shi, an taka feda. Maganar murya ta miksa ce, ka buɗe mata nata zaren.

Baba Mai Rediyo: Ɗana Mai Fiyano, matsalarka ta farko na san ta tun kafin a haifi wasu a gidan nan. Kowace ƙofar IN akwai wani ɗan abu a bayanta da muke kira ofto. Fitila ce 'yar mitsitsiya da ido mai kallonta a cikin baƙin gida ɗaya, saƙo yana tsallakawa ta haske, babu waya tsakanin na'ura da na'ura. Saurin kunnuwarsa da saurin mutuwarsa ba ɗaya ba ne. Kowane bit, wato sifili ko ɗaya na saƙon, tsawonsa mikrosakan 32 ne kacal. Na'ura ta farko ta ɗan ja shi, THRU ya miƙa shi a haka, ta biyu ta ƙara ja, kafin ya kai ta uku ko ta huɗu ya karkace har ana karanta sifili a matsayin ɗaya. Shi ne amon da ba ka taɓa ba.

Maganinsa ba ya buƙatar wata kwamfuta. Ofto mai sauri guda ɗaya, 6N137 ko H11L1, sai guntun 74HC14 ɗaya da zai raba saƙon, rizisto 220 biyu a kowace ƙofar fita, da dayod 1N4148 a bakin shiga. Saƙo ya shigo sau ɗaya, ya fita ƙofa huɗu a lokaci guda, kowace na'ura ta sha daga tushe. Babu jinkirin da kunne zai ji, babu manhajar da za ta rikice. Ka kawo kaya Sabon Gari, yini ɗaya ya isa.

Injiniyan Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa a kan ofto haka yake, ban da ta cewa. Amma akwatinka matsala ɗaya ya kashe cikin uku. Bai san me ke wucewa ta cikinsa ba, ta yaya zai hana tasha ta 10 zuwa injin ganga? Sannan mutumin nan ƙofar shiga biyu ya ce. Wayoyin MIDI biyu ba a murɗe su wuri ɗaya yadda ake yi wa wayar lasifika. Dole a sami ƙwaƙwalwar da za ta karɓi saƙon kowanne, ta jera su, ta fitar ɗaya bayan ɗaya.

Baba Mai Rediyo: Sai a sa makunni mai juyawa. Ya juya dama tasa ta shiga, ya juya hagu ta yaro ta shiga.

Injiniyan Samaru: Su biyun a tare yake son su buga, Baba. Kuma makunnin nan shi ne babbar masana'antar maƙalewar amo. Ka danna maɓalli, saƙon dannawa ya tafi, ka juya makunni kafin ka ɗaga yatsa, saƙon saki ya bi wata hanya. Akwatin muryoyi zai yi ta jiran sakin da ba zai zo ba.

Mai Fiyano T/Wada: Ƙwarai, tare nake so. Ni ina riƙe da goge, yaro yana amsawa da sarewa, duka daga akwati ɗaya.

Mai Sitidiyo Kwangila: Kafin ku kashe wa bawan Allah kuɗi. Malam, ka taɓa shiga saitin MIDI na PSR ɗinka? Akwai wurin da za ka zaɓi ɓangaren da zai fita ta waya da wanda ba zai fita ba. Salo yana zaune ne a tasha ta 9 zuwa ta 16, ganga a 9 da 10, bes a 11. Ka kashe fitar 9 da 10, shi ke nan ganga biyu ta ƙare, ba ka sayi ko ƙusa ba. Ko kuma ka canza tashar da injin gangar ke saurara.

Mai Fiyano T/Wada: Na sani Oga. Amma a wasu waƙoƙin gangar akwatin muryoyi nake so, dole tasha ta 10 ta fita ta same shi. OUT ɗaya nake da shi, abin da ya tafi wa wannan ya tafi wa wancan. Shi kuma injin ganga batirin cikinsa ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya manta saitin da na yi masa. Agogo kawai nake so ya karɓa, ya bi gudun kiɗa, ya tashi in na tashi, ya tsaya in na tsaya.

Baba Mai Rediyo: Batirin ma ka kawo in canza maka. Ɗan zagayayye ne, da dalma aka liƙa shi.

Injiniyan Samaru: To bari in shimfiɗa lissafin, don duk rigimar a kansa take. Tun 1983 da aka fito da MIDI, lokacin da Dave Smith na Sequential da Ikutaro Kakehashi na Roland suka tsaya a kan maganar har aka haɗa fiyano biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a gaban jama'a, gudun wayar nan bai canza ba: bit 31,250 a sakan. Kowane bayit, mai bit 8, yana cin bit 10 idan ka haɗa da na buɗewa da na rufewa, wato mikrosakan 320. A sakan guda bayit 3,125 ne iyakar abin da waya za ta ɗauka. Danna maɓalli ɗaya bayit uku ne, kusan milisakan ɗaya.

Yanzu duk akwatin da ke da ƙwaƙwalwa sai ya karɓi saƙo ya gama, ya duba, sannan ya sake aikawa. Ka ga an ƙara kusan milisakan ɗaya a kan kowane amo. Wannan shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami tacewa. Ni a wurina kuɗi ne mai sauƙi. Sauti a iska yana cin wajen santimita 34 a milisakan ɗaya. Wanda ya matsa taku ɗaya daga lasifika ya fi haka jinkiri, kuma ban taɓa jin makaɗi ya yi ƙorafi ba.

Shawarata a ɗauki Arduino Mega, ƙaramar kwamfuta ce a kan allo ɗaya, tana da ƙofar siriyal huɗu na ainihi. Agogonta na megahaz 16 yana rabuwa daidai ya ba da 31,250 babu saura.

Ɗalibar Lantarki: Yallaɓai Injiniya, da izininka. Ba dole ba ne a jira bayit ukun su cika. Bayit na farko shi ke ɗauke da nau'in saƙo da lambar tasha. Idan tacewar ta tasha ce kawai, da ya iso an san hukuncinsa, sai a fara tura shi tun na biyu yana hanya. Jinkirin ya dawo bayit ɗaya. Sai in ana son raba fiyano gida biyu, hagu ta tafi wani wuri dama wani wuri, ko a hana wata lambar kwantirola, nan ne dole a jira bayit na biyu don a ga lambar.

Abin da na ga ya fi kayar da mutane shi ne dabarar da na'urori ke yi ta tsallake bayit na farko. Idan saƙonni a jere nau'insu ɗaya kuma tasharsu ɗaya, sai a aiko shi sau ɗaya, sauran su zo bibbiyu. Har saki ma ana aiko shi a matsayin dannawa mai ƙarfi sifili don kada jerin ya katse. Akwatin da ya cusa saƙon yaro a tsakiyar irin wannan jerin, in bai dawo da bayit na farkon Oga ba, amon Oga na gaba zai fita da sarewa maimakon goge. Ko ya zama sakin ne ya ɓata, amo ya maƙale.

Injiniyan Samaru: Madalla da ƙanwata. Haka ne. Sai dai turawa bayit bayit ɗin nan a ƙofar da ba a haɗa komai take da daɗi. A ƙofar da mutum biyu ke shiga, da kin fara tura bayit na farkon wani kin kulle ƙofar har sai ya gama. In aka zare wayarsa a tsakiyar saƙo fa? Ɗayan ya tsaya yana jira har abada, sai an sa masa wa'adi a manhaja. Shi ya sa na fi son a tara saƙo cikakke a wurin haɗawa.

Ɗalibar Lantarki: Na yarda a ƙofar haɗawa. A sauran ban ga dalili ba.

Mai Sitidiyo Kwangila: Ni fa lissafin taku ɗaya daga lasifika bai gamsar da ni ba, Injiniya. Jinkirin da yake tsaye wuri ɗaya, hannu yana sabawa da shi cikin minti kaɗan. Wanda ke kashe kiɗa shi ne mai canzawa, yanzu milisakan ɗaya, anjima takwas, anjima biyu. Ku duba abin da ke faruwa a farkon kowace gaɓa. Salo ya saki ganga, bes, kod biyu, fad, duk a bugu ɗaya, ga hannun Oga biyu a kai. Amo 15 a lokaci guda ba abin mamaki ba ne. Waya ɗaya ce, dole su bi layi, na ƙarshe ya iso bayan wajen milisakan 14. Kamar Ƙofar Doka ce ranar hawan salla, kowa ya iso tare amma faɗin ƙofar bai ƙaru ba. Yanzu ka ƙaro yaro da sarewarsa a wannan layin.

Bugun agogo kuma sau 24 ake aiko shi a kowane bugun kiɗa. A gudun 120 ya zama 48 a sakan, tsakaninsu milisakan 21 ba kaɗan. Idan bugu ɗaya ya tsaya bayan amo 15, injin ganga zai ji kamar kiɗa ya ja baya, na gaba ya iso da wuri ya ji kamar an yi gaba. Mai rawa ba zai ce maka agogo ne ba. Cewa zai yi kiɗan yau ba ya shiga jiki.

Ɗalibar Lantarki: Ƙa'idar ta tanadi wannan, Oga. Saƙonnin lokaci bayit ɗaya ne kowanne, F8 agogo, FA tashi, FB ci gaba, FC tsaya, kuma an yarda su kutsa ko'ina, ko da a tsakiyar wani saƙon ne. Akwati mai hankali zai ɗauke su daga layi ya sa a gaba. Mafi munin jiransu shi ne bayit ɗin da ya riga ya hau waya ya sauka.

Mai Sitidiyo Kwangila: In an rubuta manhajar da kyau. Na ga akwatin da aka haɗa da Arduino Uno, ƙanwar Mega, wanda ba a yi masa haka ba, mun kwana muna zargin injin ganga.

Injiniyan Samaru: Uno ba ta wannan aikin ba ce. Ƙofar siriyal ɗaya gare ta. Mutane sai su ƙirƙiri ta biyu da manhaja, ita kuma tana riƙe ƙwaƙwalwar gaba ɗaya lokacin da take aika bayit, abin da ya shigo ta ɗaya ƙofar yana iya zubewa. Ma'ajiyar jiranta ta asali bayit 64 ce, milisakan 20 sun isa su cika ta. Sannan ga SysEx, dogon saƙon da ke farawa da F0 ba ya ƙarewa sai an ga F7, kuma ba a cusa amo a cikinsa. Muryoyi 32 na fiyanon DX7 bayit 4,104 ne, sama da sakan ɗaya waya tana kulle. Duk abin da mutum na biyu ya buga a lokacin sai an ajiye masa. Uno gaba ɗayan ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 2 ce.

Mai Fiyano T/Wada: Ni ba na tura muryoyi a filin biki.

Injiniyan Samaru: To a ƙofar haɗawa sai mu toshe SysEx gaba ɗaya daga ɓangaren yaro. Daga naka ɓangaren ban so a toshe, don PSR tana aika wasu gajeru idan ka canza saiti, wataƙila akwatin muryoyinka yana amfana da su.

Hajiya Mai Hayar Sauti: Sannunku da lissafi. Ni ba injiniya ba ce, kayan sauti nake bayarwa haya, kuma na san yadda suke dawowa. Duk abin da kuka sa wa allo da menu, yaran da ke ɗaukar kaya sai sun latsa. Ƙarfe goma na dare a filin kamu, ƙura ta tashi, mai biki yana tsaye a kanka, ba lokacin karanta ƙananan rubutu ba ne. Ku yi masa makunnai manya da ake gani, a rubuta aikin kowanne da fenti. Gidan ya zama na ƙarfe, soket ɗin a ɗaure su da noti a jikin gidan, kada nauyin waya ya zauna a kan dalma. Na roba ba ya kai damina biyu a hannun yara.

Sannan wuta. Me zai ci? In kun ce fawa bank, akwai da yawa da ke kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Ya taɓa faruwa da ƙaramar fitilar da muke sa wa miksa. In kuma caja ce ta waya, wasu suna sa ƙugi a lasifika, musamman a kan janareto.

Baba Mai Rediyo: Hajiya ta gama magana. Nawa akwatin ba shi da abin latsawa ko ɗaya.

Ƙugin da kika ce, shi ne dalilin da ya sa aka sa ofto tun farko. Kuma ku yara ku kula: ƙafa ta 2 ta soket, ta ƙasa, a ɓangaren OUT kawai ake haɗa ta. A IN barinta ake yi a sake. Na sha buɗe abin da aka haɗa a gida in tarar an liƙa ta duka biyun, an mayar da ofto ɗan kallo, ƙasan na'ura biyu ta haɗu, lasifika tana gurnani. Irin wayoyin USB zuwa MIDI masu arha ɗin nan ma na fasa wata, wurin ofto yana nan a zane a kan allo, amma babu shi.

Ɗalibar Lantarki: Baba, ga tambaya. Akwai akwatunan waje da ba su da caja sam, daga wayar MIDI ɗin suke shan wuta. Ba zai raba mu da matsalar Hajiya ba?

Baba Mai Rediyo: 'Yata, wayar nan miliam 5 aka yi ta ta ɗauka, don kunna fitilar ofto ɗaya. Masu yin haka sun ƙware wajen tsimi, kuma sun dogara da cewa na'urar da ke aikowa bolt 5 take bayarwa. Sababbi da yawa yanzu 3.3 ne. Ƙofa huɗu kuma kowace tana son nata miliam 5. Ba zai ɗauka ba. A ba shi adafta ta bolt 9 da 7805 mai rage wutar zuwa bolt 5 da kondansa mai kauri, a jona a soket ɗaya da fiyano.

Injiniyan Samaru: 7805 yana zafi, amma a wannan ɗan lodin ba komai. Na yarda.

Mai Sitidiyo Kwangila: Mu koma kan cunkoso. Ni abin da nake yi a sitidiyo, ina rage saƙon tayar lanƙwasa amo da na matsa maɓalli. Su ne ke cika waya. Ka taɓa tayar nan sau ɗaya ta zubo saƙo rututu, kowanne bayit uku. A toshe su a ƙofar haɗawa, layi zai yi sauƙi.

Mai Fiyano T/Wada: Kai Oga, a nan kam ban bi ka ba. Tayar nan ita ce rabin sana'ata. Da ita nake sa kalangu ya yi magana. Mai kalangu na gaske matse tsarkiya yake yi a hammata, murya ta hau ta sauka, har ya kira sunan ango a gane. Ni babban yatsana na hagu ne hammatar. Goge ma haka, in babu wannan jan, ai ya koma ƙarar ƙofa. Wanda ya toshe mini taya gara ya ce in zauna a gida.

Ɗalibar Lantarki: Ba sai an toshe ba, ana iya sirantawa. Tayar tana da matakai 16,384, tsakiyarta 8,192. Idan layi ya cika kuma akwai saƙon taya uku na tasha ɗaya suna jira, na ƙarshen ne kawai gaskiyar inda yatsa yake yanzu. A zubar da biyun, a aika sabon. Lokacin da waya ba ta cika ba kuwa a bar komai ya wuce yadda ya zo. Sharaɗi ɗaya ne: saƙon da ya dawo da taya tsakiya ba a taɓa shi. In ya ɓata, duk abin da Oga ya buga bayan nan zai fita a karkace, mawaƙi ya yi ta neman murya.

Mai Sitidiyo Kwangila: In aka siranta da yawa za a ji hawan yana taka matakala maimakon ya zame.

Ɗalibar Lantarki: Shi ya sa na ce sai layi ya cika. Zaɓi ne tsakanin ɗan matakala a kalangu da ganga mai makara. A gwada a ji wanda kunnen Oga zai iya haƙuri da shi.

Mai Fiyano T/Wada: Matsa maɓalli dai ku toshe, ba na amfani da shi. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo mini tsuwar nan.

Injiniyan Samaru: Yaushe ta fi faruwa?

Mai Fiyano T/Wada: In an ɗauke wuta ana komawa inji, ko wani ya taka waya. Akwatin muryoyi yana kan ƙaramar inbata tare da miksa, babbar fiyano kuma kai tsaye take.

Injiniyan Samaru: To ga ta nan. Fiyano ta mutu yatsunka suna kan maɓalli, akwati yana raye, sakin bai zo ba. Akwai saƙon da aka yi don wannan, FE. Na'urar da ke aika shi tana cewa ne ina nan, ina nan. Mai karɓa in ya taɓa jin sa, sannan aka yi milisakan 300 bai ji komai ba, sai ya kashe duk amon da ke kunne. Kayan Yamaha suna aika shi. Da yawan masu haɗa akwati shi suke fara toshewa, wai yana cika musu fitilar gwaji da ƙyaftawa. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wataƙila ba su yi asara ba. A nan kuwa in ka toshe shi ka cire wa kanka birki.

Ɗalibar Lantarki: Amma Yallaɓai akwai tarko a ƙofar haɗawa. Fiyanon Oga ta mutu, yaro yana ci gaba da bugawa. Akwatin muryoyi yana ta jin saƙo, a wurinsa waya lafiya lau. Ba zai kashe komai ba. Sannan ba kowane tsohon akwati ne ke kula FE ba, alama ma na Oga ba ya kulawa tunda yana tsuwa.

Ni da za a bi tawa, akwatinmu ne zai riƙe lissafi da kansa. Tasha 16, amo 128, bit 2,048 ke nan, bayit 256 ga kowace ƙofar shiga. Duk amon da aka danna a ɗaga masa tuta, in an saki a sauke. Ƙofar da ta yi shiru fiye da wa'adi, sai akwati ya aika saki ga duk tutar da ke sama daga ita kaɗai, ya ɗaga feda mai lamba 64, ya mayar da taya tsakiya. Na yaro ba a taɓa su ba. Haka ma in aka juya makunnin hanya ana cikin kiɗa.

Injiniyan Samaru: Wannan ya fi aika lamba 123, saƙon kashe duk amo, a duk tasha, don wasu tsofaffin na'urori ba sa jin ta, kuma tana yanke na kowa. Duk da haka a sa jan maɓalli ɗaya babba na gaggawa, mai kashe komai.

Hajiya Mai Hayar Sauti: A nutsar da shi cikin gida kaɗan, kada gwiwar wani ta same shi.

Sabon Shiga: Na ji ana cewa akwai MIDI 2.0, ba ya maganin duk wannan?

Mai Sitidiyo Kwangila: Tun 2020 aka amince da shi, kuma ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Amma na'urorin Malam huɗun nan babu wadda ta san da zamansa.

Baba Mai Rediyo: Ina ta karatu. Kun fara da akwati, kun kai ga tuta da wa'adi da sirantawa. Duk wannan rubutu ne da mutum zai yi, kuma mutum yana mantuwa. Ranar da ƙwaƙwalwar ta daskare a tsakiyar biki, ƙofa huɗun duka sun mutu tare. Nawa ko tsawa aka yi, in dai akwai bolt 5, yana aiki.

Injiniyan Samaru: Akwai mai gadi a cikin guntun ƙwaƙwalwar, Baba. In manhaja ta daskare yana tayar da ita cikin ƙiftawar ido.

Baba Mai Rediyo: Ta tashi ta manta tutocin 'yata.

Ɗalibar Lantarki: Gaskiyar Baba ce wannan. Sai dai in duk tashi za ta fara da share komai, wanda zai yanke kiɗan na ɗan lokaci. To me zai hana a raba gidan biyu? Saƙon babbar fiyano ya shigo ta ofto ɗaya, daga nan ya rabu. Reshe ɗaya ya bi 74HC14 na Baba kai tsaye zuwa ƙofa biyu, babu ƙwaƙwalwa a hanya. Ɗaya reshen ya shiga guntu, a haɗa shi da na yaro, a tace, ya fita ƙofa biyu: ɗaya ta akwatin muryoyi, ɗaya ta injin ganga mai agogo zalla. Ƙofar injin ba ta da cunkoso tunda babu amo a kanta, jinkirinta bayit ɗaya ne tsayayye, Oga na Kwangila ya huta. In guntu ya yi gardama a fili, a zare waya a mayar ƙofar Baba, a ƙarasa biki babu sarewar yaro.

Mai Sitidiyo Kwangila: Wannan zan iya sa hannu. Abu ɗaya: tsohuwar fiyanon yanzu tana karɓa kuma tana aikawa. A tabbata abin da ta karɓa ba ya dawowa ta OUT ɗinta, in ba haka ba kowane amo zai iso akwatin muryoyi sau biyu. Kuma a toshe agogonta. Agogo biyu a waya ɗaya, injin ganga zai ruga da gudu ninki.

Injiniyan Samaru: Da wannan tsarin shiga biyu fita biyu kawai guntu zai riƙe. Raspberry Pi Pico, wata ƙaramar kwamfuta irin Arduino, ma ta isa, siriyal biyu gare ta kuma ta fi Mega arha, ga wurin ajiya kilobayit 264. Sai dai ita 3.3 ce, rizistocin fita za su koma 33 da 10 maimakon 220, kuma H11L1 za a sa mata. Ni dai da Mega na fi sabawa.

Baba Mai Rediyo: A bar komai a bolt 5, kada a haɗa mini jinsi biyu a allo ɗaya. Kuma soket manya masu ƙafa biyar za a sa. Ƙananan nan irin na abin sauraro na kunne kashi biyu ne, A da B, wayoyinsu a juye, ba ka ganewa da ido.

Mai Fiyano T/Wada: To na ji. Baba zai yi ɓangarensa da gidan ƙarfe, Injiniya da Malama su yi manhaja. Ni me zan kawo?

Injiniyan Samaru: Kayanka duka huɗun, da wayoyin da kake fita da su, ba sababbi ba. Akwai wadda ta wuce mita 15?

Mai Fiyano T/Wada: Akwai wata doguwa da na haɗa biyu da salatif.

Baba Mai Rediyo: Ita za mu fara aunawa. Asabar bayan Azahar ina shago. Hajiya, in da hali a aro mana ƙaramin janareto, ina son a gwada shi a kan wutar da zai ci a fili, a kashe a kunna yatsun Mai Fiyano suna kan maɓalli.

Hajiya Mai Hayar Sauti: Zan aiko da shi. Mai kuma na Mai Fiyano ne.